Muhammadu Rumfa: Sarkin da ya bar wa ƙasar Hausa kakaki da Kasuwar Kurmi

A wannan fitowar, filinmu na tarihin magabata zai leƙa birnin Kano, domin mu kawo muku labarin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga shekarar 1463 zuwa 1499.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Maraɗi ko Tsibiri ko Damagaram, ya ji amon dogon ƙahon nan na ƙarfe da ake busa wa sarki, wato kakaki. Haka kuma duk wanda ya taɓa zuwa sarin kaya a Kano ya san Kasuwar Kurmi, ko da kuwa bai shiga lungunanta ba. To, waɗannan abubuwa biyu, littafin Tarihin Kano ya jingina su ga mutum ɗaya, shi ne Rumfa. Shi ya fara amfani da kakaki a fadar Kano, shi ne kuma ya kafa Kurmi.

Asalinsa da zamanin da ya taso

Muhammadu Rumfa ɗan Sarkin Kano Yakubu ne, kuma shi ne sarki na 20 a jerin sarakunan da suka fito daga zuriyar Bagauda. Ya buɗe ido ne a lokacin da hanyoyin fatauci suka fara buɗewa sosai a ƙasar Hausa. Tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, ƙasar goro. A zamanin mahaifinsa Yakubu kuwa, Abzinawa suka riƙa saukowa Gobir da gishiri har ya wadata a ƙasar Hausa, fatake daga Gwanja suka fara zuwa Katsina, Barebari da Larabawa suka shigo da yawa, malaman Fulani kuma suka zo daga Mali ɗauke da littattafai.

Ke nan Rumfa ya tarar da gari cike da baƙi da kaya, ana bukatar wanda zai shimfiɗa tsari. Kafin ya hau gadon sarauta ana cewa ya zauna a Gidan Makama, wanda a yau ya zama gidan adana kayan tarihi a Kano. Da ya hau, sai ya gina sabuwar fada wadda har gobe ake kiranta Gidan Rumfa, kuma a cikinta Sarakunan Kano suka ci gaba da zama. Bayan haka ya faɗaɗa ganuwar birni, aikin da ya bi ta Ƙofar Mata da Ƙofar Na'isa har zuwa Kansakali.

Yadda kakaki ya shigo fada

Kafin kakaki, sarakuna suna da tambari, da ƙahonin dabba da na itace, da kuge, wato ƙararrawar ƙarfe mai baki biyu da ake bugawa idan za a yi shelar yaƙi. Kakaki ya sha bamban da su. Tsawonsa yakan wuce mita 2, wani ma ya doshi mita 4. Ana ƙera shi gaɓa-gaɓa, yadda za a iya kwance shi idan za a yi tafiya, a sake haɗawa idan an isa. Muryoyinsa ba su da yawa, amma mabushi gwani yakan sa ya faɗi kirarin sarki, wanda ya san harshen kuma ya gane abin da ake faɗa. Bisa al'ada ba a busa shi ga attajiri komai dukiyarsa, na sarki ne kaɗai, kuma a fadoji da dama ana jin sa a daren Juma'a da ranakun Sallah.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, kakaki aikin maƙeran fari ne, masu sarrafa tagulla da azurfa, ba maƙeran baƙi masu garma da fartanya ba. Irin ƙarfen da suke aiki da shi kuwa sai an sayo shi daga nesa. A shekarar 1353, matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Baɗɗuɗa, ya sauka a Takadda, wadda masana ke cewa ita ce kufan Azelik da ke arewa da Ingal a nan Nijar. Ya ga ana narka jan ƙarfe ana zuba shi sanda-sanda, ana sayen nama da itace da gero da shi kamar kuɗi, ana kuma kai shi Gobir da Barno. Har ila yau littafin Tarihul Fattash na Timbuktu ya ambaci cewa Askiya Muhammadu na Songhai ya samo kakaki ne a yaƙin da ya kai ƙasar Abzin wajen shekarar 1500. Wannan ya nuna cewa hanyar arewa, wadda gishiri ke bi, ita ce kuma hanyar ƙarfe da kayan alfarmar sarakuna.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai sarauta ta dogara da maƙeri ba. A birnin Santambul na Turkiyya, wani maƙeri ɗan ƙabilar Armeniya mai suna Avedis ya gano yadda ake haɗa jan ƙarfe da kuza, ya riƙa ƙera faya-fayan tagulla masu kama da murfin tukunya, waɗanda makaɗan sojan Sarkin Daular Usmaniyya ke gwarawa. An ba shi laƙabin Zildjian, ya kafa sana'arsa a 1623. Daular ta rushe a 1922, amma zuriyarsa na nan a Amurka suna ƙera faya-fayan da sunan kakansu. Haka abin yake ga kakaki: sarakuna sun zo sun wuce, sana'ar tana nan, ko da yake a baya-bayan nan maƙera kan yi shi da kwano ko gwangwani idan tagulla ta yi tsada.

Kasuwar Kurmi

Idan kakaki shi ne muryar sarauta, to kasuwa ce ke ciyar da mai busa shi. Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a tsakiyar birni, kusa da rafin Jakara, a wurin da a da yake kurmi ne mai duhuwar itatuwa, daga nan ta samo sunanta. Da kafa ta, baƙon da ya zo da gishiri ko goro ko dawaki ya san inda zai sauke, mai saye ya san inda zai nema, masaƙa da marina da dukawa da maƙera kuma suka sami wurin baje aikin hannunsu. Sarki ma ya sami hanyar kuɗin shiga wadda ba sai an fita yaƙi ba. Dole a faɗi gaskiya, a wancan zamani har da bayi ake sayarwa a cikinta.

Wannan kasuwa tana da alaƙa da ƙasarmu kai tsaye. A watan Janairun 1851, Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya biyo ayarin gishirin Abzinawa ta Damargu ya sauka a Tasawa, daga nan ya wuce Katsina, ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. A lokacin an yi fiye da shekara 350 da rasuwar Rumfa, amma kasuwarsa na ci, kuma Tasawa na ɗaya daga cikin zangunan da ke kai mata kaya.

Zuwan Shehu Magili

Wajen shekarar 1492, babban malamin nan Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yau, ya iso Kano bayan ya ratsa Abzin da Takadda. Ya rubuta wa Rumfa littafi mai babi 8 kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, mai suna Tajuddin. A ciki ya ja kunnen sarki da kada ya ɓuya wa talakawansa, ya riƙa zama inda mata da yara da marasa ƙarfi za su iya kawo kuka, kada a karɓi toshiya a kan shari'a, kada kuma a ɗauki dukiyar mutane sai ta hanyar halal. Duk wadda aka taɓa karɓe wa kuɗi a bakin hanya ba da rasit ba, ta san cewa wannan nasiha ba ta tsufa ba.

A zamanin Rumfa ne aka sare itaciyar tsafin da ke cikin birni, aka gina masallacin Juma'a, aka kuma fara sallar Idi a Shadakoko. Ya kafa majalisar manyan 'yan sarki tara da ake kira Tara ta Kano, ya kuma ba bayin fada manyan muƙamai, ciki har da na Ma'aji mai riƙon baitulmali.

Inda aka yi masa ƙorafi

Ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa aibi ga ɗan Adam. Littafin da ya yabe shi, shi ne kuma ya rubuta cewa Rumfa ya fara al'adar kame, har ya sa ana ɗauko masa 'yan mata daga gidajen bayin sarki, kuma shi ne sarkin farko da aka ce ya tara mata dubu a fada. Shi ne kuma ya fara kulle a Kano. Daga fada al'adar ta bazu zuwa gidajen attajirai da malamai, ta hana mata da yawa zama a kasuwar da shi kansa ya kafa. Amma matan Hausa ba su naɗe hannu ba, sai suka mayar da ɗaka kasuwa: kaɗi, da man gyaɗa, da ƙuli-ƙuli, da fura, da adashi, yara na kai talla. A cikin fadar ma an sami mace mai ƙarfin faɗa a ji, wato matarsa Auwa, uwar Sarki Abdullahi kuma kakar Sarki Muhammadu Kisoki.

Sannan akwai yaƙin da ya yi da Katsina, wanda aka shafe shekara 11 ana gwabzawa ba wanda ya rinjayi wani. Wannan ya shafi mutanen Tasawa da Maraɗi, domin gidajen sarautarsu daga tsohuwar Katsina suka fito bayan jihadi ya ci birnin a 1807. Garuruwa biyu ne masu kasuwa, kowanne na son ayarin arewa ya sauke a ƙofarsa, kuma duk lokacin da aka ja daga, fatake ne ke fara kwana a daji.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Rumfa ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi ya gaje shi. Bayan haka Fulani sun karɓi Kano a farkon ƙarni na 19, Turawan Ingila sun ci ta a 1903, amma duk wanda ya zo ya tarar da Gidan Rumfa da kakaki da Kurmi, bai kuma iya kawar da su ba. Akwai babbar makarantar sakandare a Kano da ke ɗauke da sunansa.

'Yan kasuwar yankin Maraɗi ba su manta da rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ba, da kuma wanda ya biyo baya daga 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da kaya suka yi tsada, motoci suka yi jerin gwano a Ɗan Isa da Jibiya. Hanyar da aka toshe ɗin nan ita ce wadda gishiri da jan ƙarfe da goro suka bi tun shekaru aru-aru. Shi ya gane cewa sai hanya ta buɗe, kasuwa ta ci, sannan maƙeri zai sami tagullar da zai ƙera wa sarki kakaki. Muna fata shugabanninmu na ɓangarorin biyu za su riƙa tunawa da haka.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yafe musu kurakuransu, ya sa albarka a kasuwanninmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.