Marigayi Dakta Byang Kato (1936–1975)

Da yawa daga cikin 'yan Tamawa mazauna Jos da Kaduna suna da maƙwabta ko abokan aiki 'yan cocin ECWA, wanda ya tsiro daga mishan ɗin SIM, masu riƙe da asibitin kutare na Babbar Ruga a nan Katsina a zamanin da. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san mutumin da ya yi fafutukar ganin makarantun horar da fastocinsu sun sami ma'aunin inganci.

An haifi Byang Kato a 1936 a Kwoi, ƙasar Jaba, cikin Jihar Kaduna ta yau. Iyayensa masu bin addinin gargajiya ne, shi kuwa ya karɓi Kiristanci tun yana yaro a makarantar mishan. Ya yi karatu a Igbaja da Landan, ya zama babban sakataren ECWA a 1967, sannan ya tafi Dallas ta Amurka neman digirin dakta. A 1973 aka zaɓe shi babban sakataren ƙungiyar majami'un bishara ta Afirka da Madagaska, ɗan Afirka na farko a wannan kujera.

Abin da ya fi damunsa shi ne makarantun Littafi Mai Tsarki sun yawaita, amma kowace gaban kanta take ci. Takardar shaidar wannan ba ta da wani nauyi a wajen waccan, mai neman ilimi mai zurfi kuwa sai ya ƙetare teku. Don haka ya nemi a kafa manyan makarantu biyu, ta masu Faransanci da ta masu Turanci, da kuma hukumar da za ta riƙa aika masana su duba malamai da manhaja da ɗakin karatu kafin a amince da makaranta. A ganina wannan hukuma ce aikinsa mafi wuya, domin ba ƙaramin abu ba ne makaranta ta yarda baƙi su zo su auna ta.

Bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya rasu a teku kusa da Mombasa ta Kenya a watan Disamba na 1975, yana da shekara 39, shekarar da littafinsa Theological Pitfalls in Africa ya fito. An kafa hukumar tantancewar, ACTEA, a 1976. Makarantar Bangui ta buɗe a 1977, ta Nairobi kuma a 1983.