Marigayi Malam Aminu Kano, Jagoran Talakawa Da Ya Ƙi Ɗaukar Makami

An haifi Malam Aminu Kano a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a watan Agusta na 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin shari'a ne daga gidan da aka sani da alƙalanci, watau dai yaron ya tashi yana ganin yadda ake yanke hukunci, da kuma irin mutanen da hukuncin yakan faɗa wa. Ya yi makarantar Shahuci da Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, daga nan aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauci a 1942. A can ne ya ƙara shaƙuwa da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya ƙara wasa masa hankali a kan mulkin En'e da na Turawa. A 1946 ya tafi Ingila ƙaro ilmi, a daidai lokacin da Indiya ke dab da karɓar 'yanci, tafarkin Gandhi na neman haƙƙi ba da makami ba kuwa ya shiga ransa ƙwarai.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, yana koyarwa a Maru cikin Lardin Sakkwato. Bai daɗe ba ya ajiye aikin gwamnati ya shigo, a 1953 kuma ya zama shugabanta.

To, a nan ne aka gwada haƙurinsa. A wancan zamani 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari duk a hannun En'e suke. Ɗan NEPU ya yi lacca ba izini, ɗauri. A ce ya taɓa mutuncin sarki, bulala da ɗauri. Hajiya Gambo Sawaba, mace, ta sha shiga kurkuku. Aka kuma sami wata ƙungiya da ake kira Jam'iyyar Mahaukata, aikinta tarwatsa taron 'yan Sawaba da duka. Samarin NEPU da yawa sun ga babu abin da ya rage sai ramuwa, har suka yi tasu rundunar don kare kai. Malam bai hana mutum kare kansa ba, amma ya ƙi yarda jam'iyya ta koma ta sanduna da wuƙaƙe. Ba tsoro ne ya sa haka ba, lissafi ne. Mai bindiga da kurkuku shi zai ci ribar kowace tarzoma, talaka ne zai kwana a kabari ko a ɗaure. Ya kuwa gani da idonsa a watan Mayu na 1953, lokacin da rikici ya ɓarke tsakanin 'yan Arewa da 'yan Kudu a Kano, mutum fiye da talatin suka mutu, babu haraji ko ɗaya da aka rage wa kowa saboda jininsu.

Makamansa su ne lacca, da takardar koke, da kotun ɗaukaka ƙara, da ƙuri'a. Hanyar doguwa ce mai gajiyarwa. Sai a 1959 ya samu shiga Majalisar Wakilai a Ikko, a zaɓen 1964 kuma kujerar ta kuɓuce masa. Shekara goma sha biyar NEPU tana fama, ba ta taɓa kusantar karɓar mulkin Jihar Arewa ba.

Ga inda masu ganin amfanin ƙarfi sukan kafa hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Abubuwan da Malam ya daɗe yana nema, a hannun soja suka tabbata. Bayan juyin mulki biyu na 1966 ne aka yanka jihohi goma sha biyu a 1967, Kano ta samu tata. Aka ƙwace kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. Matan Arewa ma sai a zamanin soja suka fara jefa ƙuri'a. Shi kansa Malam ya zama kwamishinan sadarwa a gwamnatin Janar Gowon, daga baya na lafiya, watau yana cikin gwamnatin da ta gwabza yaƙin basasa, ko da yake an gan shi a teburin sulhu a Kampala a 1968. Amma a duba abin da aka biya: Sardauna da Tafawa Ɓalewa, da dubban rayukan da suka salwanta a garuruwan Arewa a 1966, da wata talatin ana yaƙi. Sojan kuma bai zo da sabon tunani a bakin bindigarsa ba. Ya tarar da magana ce wadda 'yan Sawaba suka riga suka dafa a kasuwa da majalisa har ta nuna.

Lokacin da siyasa ta dawo a 1978, Kano ta sāke. Masana'antun Bompai sun cika, ga na Sharaɗa da Challawa suna tasowa, dubban 'ya'yan manoma sun baro ƙauyuka sun zama leburori a masaƙu da majemu da kamfanonin matsar mai. Irin waɗannan mutane, da 'yan kasuwa ƙanana da masu sana'ar hannu, su ne ƙashin bayan jam'iyyarsa ta PRP. A zaɓen 1979 ta ci gwamna a Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa kuwa suka soke haraji da jangali. Wannan ita ce nasara mafi girma da tafarkinsa ya samu, ba a kuma harba ko harsashi ɗaya a kanta ba.

Sai dai ƙarshen rayuwarsa bai zo da kwanciyar hankali ba. PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, 'yan banga suka yawaita a kowane ɓangare, abin da ya yi shekaru yana gudu ya shigo har cikin gida. A watan Disamba na 1980 rikicin Maitatsine ya ci mutum fiye da dubu huɗu a Kano. Ran 10 ga Yuli, 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnatin jiha ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, masu tarzoma suka ƙone gine-ginen gwamnati, suka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa.

Malam Aminu ya rasu ran Lahadi, 17 ga Afrilu, 1983, yana shirin sake tsayawa takarar shugaban ƙasa. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda daga baya aka mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Mambayya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Wata takwas bayan rasuwarsa, ran 31 ga Disamba, soja suka sake karɓe mulki.