DOKTA AGGREY, MALAMIN AFIRKA

A bakin teku, cikin ƙasar Gwalkwas wadda yanzu a ke kira Gana, akwai wani gari sunansa Anomabu. A nan aka haifi James Kwegyir Aggrey ran 18 ga watan Oktoba, shekara ta 1875. Shi mutumin kabilar Fanti ne. Ubansa, Kodwo Kwegyir, shi ne mai magana da bakin sarki a fada. Tun yaron yana ƙarami ya kan zauna ya ji yadda ubansa ke jera zance da karin magana a gaban dattawa, ya kuwa gaji wannan baiwa.

Sa'ad da ya kusa kai shekara takwas aka yi masa baftisma, aka sa shi makarantar mishan ta Methodist a Cape Coast. Daga baya wani ɗan mishan, Dennis Kemp, ya ɗauke shi ya zauna a gidansa tare da waɗansu yara. Aggrey yaro ne mai ƙishin karatu ƙwarai. Yana da shekara goma sha biyar aka aike shi wani ƙauye, Abura Dunkwa, shi kaɗai ne malami a makarantar. Kafin ya cika shekara ashirin da uku ya zama babban malamin makarantar da ya yi karatu a cikinta.

Da wani ne, da sai ya ce ya isa, gama yana da aiki, yana da suna a gari. Amma Aggrey ya ga abin da ya sani kaɗan ne bisa ga bukatar mutanensa. Cikin 1898 ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka, ya shiga Kwalejin Livingstone a garin Salisbury, makaranta ce ta wata ekklesiya ta baƙar fata. Ya gama cikin 1902, aka riƙe shi ya zama malami a wurin. Shekara ta zagayo aka keɓe shi domin aikin pasto. Cikin 1905 ya auri Rose Douglas, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu.

A wannan zamani dokar kudancin Amurka ta raba fari da baƙi a makaranta, da jirgin ƙasa, da wurin cin abinci. Makarantun 'ya'yan baƙar fata su ne marasa kuɗi, marasa littattafai. Aggrey, wanda a ke girmama gidansu a ƙasarsa, ya sha reni saboda launin jikinsa. Duk da haka bai bar ɗaci ya yi saiwa a zuciyarsa ba. Ya kan amsa zagi da dariya, ya ci gaba da aikinsa.

Banda koyarwa a kwaleji, an ba shi kiwon ƙananan ekklesiyai biyu a ƙauye. Mutanensa talakawan manoma ne, bashi ya yi musu katutu, da yawa ba su iya karatu ba. A nan ya koyi abin da bai samu cikin littafi ba. Ya ga wa'azin ran Lahadi kaɗai ba ya isa mutumin da ke kwana da yunwa. Ya koya musu kiwon kaji da gyaran gona, ya taimake su su tara kuɗi wuri ɗaya domin su riƙa ba juna rance, har waɗansu suka sayi gonakin kansu. Tun daga nan ya riƙe cewa ilimi na gaskiya sai ya taɓa kai, da hannu, da zuciya, duka uku.

Cikin 1920 wata ƙungiya ta Amurka mai suna Phelps-Stokes ta aiki mutane su zaga Afirka su duba halin makarantu. Dokta Thomas Jesse Jones ne shugabansu, Aggrey kuwa shi kaɗai ne ɗan Afirka a cikinsu. Suka bi Saliyo, da Laberiya, da Gwalkwas, da Nijeriya, da Kamaru, da Kwango, da Angola, har Afirka ta Kudu. Ko'ina suka sauka jama'a su kan cika majami'a domin su ji shi. A Ikko wani saurayi ya ji wa'azinsa, ya ƙudura a ransa sai ya je Amurka neman ilimi. Wannan saurayi shi ne Nnamdi Azikiwe, wanda ya zama shugaban ƙasar Nijeriya cikin 1963.

Me suka tarar a makarantu? Sun tarar yara suna haddace sunayen sarakunan Ingila da kogunanta, ba su san ƙasarsu ba. Sun tarar a ke koya wa ƙananan yara da Turanci tun ba su fahimta ba, malamai da yawa ba a horar da su ba, 'yan mata kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai. Da aka buga rahotonsu cikin 1922 suka ba da shawara a fara koya wa yaro da harshen uwarsa, a sa tsabta da noma da sana'a cikin karatu, a horar da malamai, a buɗe wa 'yan mata ƙofa, gwamnati kuma ta haɗa hannu da mishan. Cikin 1924 aka sake irin wannan tafiya zuwa gabashin Afirka, Aggrey yana ciki. Cikin 1925 gwamnatin Ingila ta fitar da takardar manufar ilimi domin ƙasashen Afirka da ke hannunta, ta ɗauki da yawa daga cikin shawarwarin nan.

Ba kowa ya yi murna ba. Waɗansu 'yan Afirka masu ilimi suka yi tsoro kada zancen noma da sana'a ya zama dabarar tsare 'ya'yansu a ƙasa, su ƙare a kan fartanya, Turawa kuwa su riƙe aikin likita da na shari'a. Tsoronsu yana da dalili, gama a waɗansu ƙasashe haka aka yi. Aggrey dai bai nufi haka ba. Shi kansa ya sha littattafai, ya yi karatu mai zurfi a Jami'ar Columbia. Abin da ya ke so shi ne ɗan Afirka ya kai ƙarshen ilimi ba tare da ya rena gonar ubansa ba. Ya kan ba da misalin ɗan gaggafa da aka rene shi cikin kaji har ya ɗauka shi kaza ne, sai ran da aka ɗaga shi ya fuskanci rana, ya buɗe fikafikai ya tashi.

A lokacin nan Gwamnan Gwalkwas, Gordon Guggisberg, ya yi niyyar gina babbar makaranta a Achimota kusa da Akara. Ya kira wani pasto Bature, Alek Fraser, ya shugabance ta. Fraser ya nemi Aggrey ya zama mataimakinsa, suka sauka ƙasar cikin 1924. Mutane da yawa suna shakkar makarantar, suna cewa ko wata dabarar Turawa ce. Aggrey ya bi gari gari yana yi wa sarakuna da iyaye bayani, har suka yarda suka ba da 'ya'yansu.

Babban abin da ya tsaya a kai shi ne karatun mata. Hujjarsa ita ce, namiji in ya yi ilimi yawanci shi kaɗai ya samu, amma mace in ta samu, 'ya'yanta da dukan gidanta sun samu. Da aka buɗe Achimota ran 28 ga Janairu, 1927, maza da mata aka karɓa tare, ɗan sarki da ɗan talaka a aji ɗaya. Alamar makarantar kuwa an ɗauko ta daga misalinsa na molon Turawa da a ke kira piyano, mai maɓallai farare da baƙaƙe. Ya koyar cewa kowane iri shi kaɗai yana iya ba da wani ɗan sauti, amma daɗin kiɗa sai an taɓa su tare.

Bai daɗe yana ganin amfanin aikinsa ba. Cikin watan Mayu na wannan shekara ya koma Amurka domin ya ga iyalinsa, ya kuma ƙarasa rubutun babban digirinsa. Ciwon sanƙarau ya kama shi a New York, ya rasu ran 30 ga Yuli, 1927, yana da shekara 51. Aka binne shi a Salisbury. Aikin bai mutu tare da shi ba. Kwame Nkrumah, wanda ya kai Gana ga mulkin kai cikin 1957, yana cikin samarin da suka ji koyarwarsa, kuma a Achimota aka fara kwalejin jami'a ta ƙasar cikin 1948.

Ya 'yan'uwa, labarin nan yana da magana dominmu. Aggrey ɗan ƙauye ne, wani ya ga baiwarsa ya buɗe masa ƙofa. Yara nawa ne irinsa a garuruwanmu waɗanda ba wanda ya lura da su? A gidaje nawa a ke tura ɗa makaranta, a bar 'yar tana talla ko surfe, a ce kuɗin bai isa biyu ba? Allah da ya halicce su duka bai ba ɗaya hankali ya hana ɗaya ba. Bari dattawan kowace ekklesiya su zauna su ƙidaya yaran da ba su zuwa makaranta, maza da mata, su bincika dalili, su ga abin da za a iya yi tun kafin a buɗe makaranta. Malamai kuma su kula da yaron da ke baya a aji kamar yadda su ke kula da na gaba. Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka.