Bargery, Baturen da Ya Kasa Kunne ga Bakin Bahaushe

Kowane ɗalibi da ya taɓa shiga ɗakin ajiye littattafai neman ma'anar wata tsohuwar kalmar Hausa, ya san wani ƙaton littafi mai nauyi wanda a kan ce da shi Ƙamusun Bargery. Da yawa cikinmu mun ɗaga shi, mun buɗe, mun sami abin da mu ke nema, mun mayar, ba mu taɓa tambayar wanene mai shi ba. To, ga tarihinsa a taƙaice, gama a cikinsa akwai abin da zai amfani duk wanda zai tsaya gaban yara da alli a hannu.

An haifi George Percy Bargery a garin Exeter, a ƙasar Ingila, cikin shekarar 1876. A wannan shekara ce kuwa wani Bajamushe mai suna Schön ya fid da nasa ƙamusun Hausa a London. Da Bargery ya girma ya yi karatun addinin Kirista, ya zama limamin coci, ƙungiyar mishan ta C.M.S. ta aiko shi ƙasar nan wajen shekarar 1900. A shekarun nan na farko 'yan mishan ɗin sun yi zango a Loko, bakin kogin Binuwai, cikin Jihar Nasarawa ta yau. Ya yi aiki tare da Likita Miller a ƙasar Zazzau, a nan ya riƙa cuɗanya da Hausawa yana tsintar harshe a bakinsu. Bayan kamar shekara goma rashin lafiya ya mai da shi gida. Da ya sami sauƙi sai ya komo, amma wannan karon a ma'aikatar ilmi ta Gwamnati, aka tura shi ƙasar Tibi ya buɗe makaranta.

A shekarar 1921 Gwamnati ta ɗauke masa sauran ayyuka, ta ɗora masa guda ɗaya tak, watau ya tattara kalmomin Hausa ya yi ƙamus. Ba wai babu ƙamus ba ne a lokacin. Akwai na Schön, akwai na Robinson wanda ya fito a 1899 da 1900, akwai kuma na Mischlich na 1906. Amma duk akwai abin da suka bari a baya. Mai karanta su ya kan ga kalma a takarda, ya faɗe ta yadda ya gani, Bahaushe ya tsaya yana kallonsa bai gane ba, ko kuwa ya juya baya ya yi dariya. Dalili kuwa shi ne, rubutu ba ya ɗauke da dukan abin da baki ya ke faɗi.

Ku gwada da kanku. Ku ce kuka, irin wanda jariri ya ke yi in yana jin yunwa. Sa'an nan ku ce kuka, itacen da a ke miya da ganyensa. Haruffa huɗu ne a nan, huɗu ne a can, ba bambanci. Amma a ta fari murya tana sama tun daga farko har ƙarshe, a ta biyu kuwa ta kan fara a sama ta faɗo. Haka wuya na jiki da wuya ta wahala: na jiki murya ta kan sauka a ƙarshe, ta wahala kuwa ta kan hau. Wannan hawa da saukar murya shi ne malaman harshe su ke kira karin sauti. Har cikin ginin jimla ya kan shiga. In an ce ya tafi, aka ja ya ɗin da murya sama, an gama tafiyar ke nan. In aka gajarta ta da murya ƙasa, umurni ne ko izini. In kuwa aka ja ta murya ta faɗo daga sama, tafiyar tana gaba tukuna.

Ban da wannan akwai tsawon wasali. Gari inda mutane su ke zaune, da gari na tuwo, murya iri ɗaya ce a cikinsu, sai dai a na biyun a kan ja wasalin farko. Akwai kuma ra iri biyu. Bara mai yi wa ubangida hidima, harshe ya kan lanƙwashe ya bugi dasashi sau ɗaya ya wuce. Bara ta almajiri kuwa, kan harshe ne ya ke kaɗawa a bayan haƙora. Mu duka muna bambanta waɗannan tun muna goye, ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, har ma yawancinmu ba mu san muna yi ba.

Yaya a ke yin wannan hawa da sauka? Iska ta kan taso daga huhu ta biyo ta maƙogwaro. A cikin maƙogwaro akwai waɗansu 'yan tantani biyu suna fuskantar juna, in iska ta ratsa tsakaninsu sai su riƙa karkarwa, wannan karkarwa ita ce murya. In suka ɗaure suka yi tauri, sai karkarwar ta yi sauri, murya ta hau. In suka saki, sai ta sauka. Ku dubi mai kalangu. In ya matse tsarkiya a hammata, fata ta kan ɗaure sauti ya hau, in ya sassauta ya sauka. Shi ya sa kalangu ya ke iya kiran sunan mutum, mahauta su ji su gane, gama hawa da saukar maganar ya ke kwaikwayo. Daga maƙogwaro kuma sai harshe da leɓɓa da haƙora da hanci su gyara sautin, ya fito baƙi ko wasali.

A nan ne wahalar Bargery ta ke. Turanci ba ya rarrabe kalma da kalma ta hawan murya yadda Hausa ta ke yi. Ba shi da ɓ da ɗ, waɗanda a ke faɗi maƙogwaro yana yin ƙasa. Ba shi da ƙ da ts, waɗanda a ke toshe maƙogwaro a tunkuɗo shi sama iska ta fashe. Ga kunnen Bature baki da baƙi ɗaya ne, daidai da ɗaiɗai ɗaya ne, kafa da ƙafa ɗaya ne. Binciken da aka yi bayan zamaninsa ya bayyana dalili. A shekarar 1984 waɗansu masana biyu a ƙasar Kanada, Janet Werker da Richard Tees, suka nuna jariri ɗan wata shida zuwa takwas yana iya rarrabe sautukan harshen da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara guda sai wannan baiwa ta ragu ƙwarai, kunnensa ya karkata ga harshen da a ke yi a gidansu. Watau tun yaro bai faɗi kalmarsa ta fari ba, kunnensa ya riga ya zaɓi abin da zai riƙa ji. Bargery kuwa yana da shekara arba'in da biyar sa'ad da aka ba shi aikin nan. Tilas ya koma ya hori kunnensa kamar na jariri.

Bai yi girman kai ba. Wani jami'in ilmi mai suna F. W. Taylor ya riga ya ja hankalin mutane ga karin sautin Hausa a littafinsa na nahawu na 1923. Bargery ya nemi taimakon masu ilmin furuci a London, har shi da Malam Lloyd James suka buga wata 'yar maƙala a kan yadda a ke furta Hausa a shekarar 1925. A nan gida kuwa Kano ce mazaunin aikinsa, ya zauna da malamai Hausawa shekara da shekaru, kalma ɗaya a maimaita ta, a kuma maimaitawa, har a tabbatar da inda murya ta hau da inda ta sauka. Ya bi ƙasashen Hausa yana tattara kalmomi, ya sa alama ga wadda ta ke ta Sakkwato, da ta Katsina, da ta Zazzau, da ta Daura, da ta Gobir, da ta Haɗeja. Bai raina maganar maƙeri ko ta marini ko ta mai tallan fura ba. Wani hafsan soja mai son harsuna, R. C. Abraham, ya taya shi aikin na ɗan lokaci, shi ma daga baya ya fid da nasa ƙamusun a 1949 tare da Malam Mai Kano.

A shekarar 1934, bayan shekara goma sha uku, ma'aikatar ɗab'i ta Jami'ar Oxford ta buga littafin. Shafinsa ya haura 1,200, kalmomin da ke ciki kuwa wajen 39,000 ne, ga kuma gabatarwa a kan Hausawa da harshensu daga wani masani Bajamushe, Westermann. Kowace kalma an nuna karin sautinta da tsawon wasullanta, an kuma raba ra ɗin nan biyu. Shi ne ƙamusun Hausa na fari da ya yi haka. Jami'ar London ta ba shi digirin dakta a 1937 saboda wannan aiki.

Ya koyar da Hausa a London har shekarar 1947. A 1953, yana tsoho ɗan shekara saba'in da bakwai, ya sake komowa Kano domin aikin gyaran fassarar Littafi Mai Tsarki, ya zauna har 1957. Ya rasu a Ingila a shekarar 1966, yana gab da cika shekara casa'in.

Ba mu ce aikinsa ba shi da aibi ba. Masanan da suka biyo baya sun gyara masa wurare, musamman wajen tsawon wasalin da ke ƙarshen kalma, inda kunnensa ya kan ruɗe. Kuma ya kamata mu tuna da malaman nan Hausawa da suka zauna da shi, gama daga bakinsu aka ɗebo dukan abin da ke cikin littafin, ko da ya ke sunan mutum ɗaya ne a bango. Duk da haka littafin bai tsufa ba. Ma'aikatar ɗab'i ta Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi a 1993 da ƙarin kalmomi daga Neil Skinner, daga baya kuma aka sa shi a intanet.

To, 'yan'uwa, me ya shafe mu? Wanda aka tura shi koyarwa a Shabu ko wani gari na ƙasar Lafiya, zai tarad da aji ɗaya ya haɗa ɗan Eggon, da ɗan Alago, da ɗan Migili, da ɗan Gwandara, da ɗan Tibi, da Bahaushe, da Bafillace. Kowane ya zo da kunnen da uwarsa ta gyara masa tun yana goye. In yaro ya ce kafa inda a ke son ƙafa, ko ya rubuta baki a maimakon baƙi, malami ya kan yi saurin cewa daƙiƙi ne, wani ma har ya ɗauko bulala. Alhali kuwa mai yiwuwa ne yaron bai ji bambancin ba sam, yadda Bargery bai ji ba da fari. Haka ɗan Bahaushe ya ke fama da p da f na Turanci, gama a harshensa sauti ɗaya ya ke da shi a wurin nan. Yaron da aka doka ko aka yi wa dariya a kan furuci ya kan kame bakinsa a aji, wanda ya kame baki kuwa da wuya ya koyi karatu.

Maganin abin ba shi da tsada. Malami ya jera kalmomi biyu biyu masu kama da juna, ya faɗe su a hankali, yara su saurara su nuna wadda suka ji, tun ba a ce su faɗa ba, balle su rubuta. Ya sa su ɗora yatsa a maƙogwaro su ji yadda ya ke motsi wajen faɗin ƙa da ɓa. Sa'an nan shi ma ya roƙi yaran su koya masa kalma biyu uku na harshensu, gama harsunan nan na maƙwabtanmu su ma da hawa da saukar murya su ke aiki, waɗansu ma matakan muryarsu sun fi na Hausa yawa. Ran da yara suka yi ta gyara masa kalma ɗaya yana kasawa, ran nan zai san abin da su ke ji a hannunsa kullum.

Bargery ya yi shekara goma sha uku yana sauraron mutanen da ba danginsa ba kafin ya yarda ya sa littafinsa a ɗab'i. Mu da za a danƙa wa 'ya'yan mutane, ba zai gagare mu ba mu saurari yaro na minti biyar kafin mu ja masa jan alƙalami. Allah ya ba mu haƙurin yin haka, amin.