Ludwik Hirszfeld: Likitan Da Ya Nuna Yadda Ake Gadon Rukunin Jini

Duk iyalin da ya taɓa ɗauko yaro mai sikila daga Koki zuwa Asibitin Murtala cikin dare ya san tambayar da ake fara yi idan jini ya yi ƙasa: mene ne rukunin jininsa? Harufan da ake rubutawa a kati, A, B, AB da O, wani likita ɗan ƙasar Poland ne ya raɗa su tare da abokin aikinsa. Shi ne kuma farkon wanda ya nuna cewa yawan kowane rukuni ya bambanta tsakanin al'ummomi.

An haifi Ludwik Hirszfeld a birnin Warsaw ranar 5 ga Agusta, 1884, a gidan Yahudawa. Ya karanta likitanci a Jamus, ya kammala a 1907. Kafin nan, a 1901, Karl Landsteiner ya gano cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne, kuma idan aka gauraya waɗanda ba su dace ba sai ya dunƙule. Abin da ya rage shi ne sanin inda mutum yake samo nasa rukunin. A birnin Heidelberg, Hirszfeld da Emil von Dungern suka gwada jinin iyalai 72, iyaye da 'ya'ya. A 1910 da 1911 suka tabbatar cewa gado ne: yaro ba ya zuwa da A ko B sai ɗaya daga cikin iyayensa yana da shi.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sai ya tafi Sabiya a 1915 don yaƙar annobar zazzaɓin taifus, wanda kwarkwata ke yaɗawa. Matarsa Hanka, likitar yara, ta yi aikin tare da shi. Yaƙi ya kai su birnin Salonika na ƙasar Girka, inda sojoji daga nahiyoyi daban-daban suka taru: Turawan Ingila da na Faransa, Indiyawa, Larabawa, mutanen Madagaskar da sojojin Senegal daga yankinmu na Afirka ta Yamma. Mata da miji suka gwada jinin mutum kusan 8,000, suka wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 1919. Rukunin A ya fi yawa a cikin Turawa, rukunin B kuwa ya fi yawa a cikin Indiyawa. Amma babu al'ummar da ba a sami rukunan huɗu duka a cikinta ba. Bambancin na yawa ne kawai.

Masu wariyar launin fata a Jamus sun karkatar da wannan bincike don su ce jinin wasu ya fi na wasu daraja, kuma sharrin wannan tunani bai bar shi kansa ba. A 1941 'yan Nazi suka tusa shi da iyalinsa cikin unguwar da aka killace Yahudawa a Warsaw, duk da cewa ya daɗe da karɓar addinin Kirista. A can ya yi ta fama da taifus, yana koyar da ɗaliban likitanci a ɓoye. Daga baya suka gudu suka ɓuya a ƙauye, inda 'yarsa tilo, Maria, ta rasu a 1943. Bayan yaƙi ya koma birnin Wrocław, ya kafa cibiyar binciken garkuwar jiki da ke ɗauke da sunansa har yau. Ya kuma yi aiki kan saɓanin jinin uwa da na jariri. Ya rasu ranar 7 ga Maris, 1954.

Me ya sa tarihinsa ya shafe mu? A yau ana iya hasashen rukunin jini ta gwajin ƙwayoyin gado, wato DNA, ba sai an ɗiga magani a kan jinin an duba dunƙulewa ba. Sai dai gwaje-gwajen farko a kan jinin Turawa aka gina su, kuma hanyar da muke gadon wasu rukunai ta sha bamban da tasu.

Misali shi ne alamar + ko − da ke gaban harafin, wadda ake kira Rh. Bature mai alamar −, galibi ƙwayar gadon gaba ɗaya ce babu a jikinsa. Baƙar fata ɗan Afirka mai alamar − kuwa, kusan biyu cikin uku suna da ƙwayar, amma ba ta aiki, kamar fitilar da aka saka ba a haɗa mata waya ba. Gwajin da ke neman ƙwayar kawai zai ce mutumin + ne, alhali − ne. An bayyana wannan a shekarar 2000. Kuskure irin wannan ga mace mai ciki na iya hana ta allurar anti-D da ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa, har jaririn gaba ya zo da shawara mai tsanani.

Akwai kuma rukunin Duffy. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wannan alama a kan jajayen ƙwayoyin jininsu, abin da ke ba su kariya daga nau'in zazzaɓin cizon sauro na vivax, ban da wanda ya fi addabar mu a nan. Ƙwayar gadon tana nan, makunninta ne a kashe, don haka gwajin da bai duba makunnin ba zai ba da amsar da ba daidai ba.

Wannan ba ya nufin gwajin DNA ba shi da amfani. Idan an tsara shi da sanin jininmu, yana gano abin da gwajin yau da kullum ke tsallakewa, musamman ga masu sikila. Da yawa daga cikinsu alamar Rh ɗinsu ba cikakkiya ba ce, kuma yawan ƙarin jini kan sa garkuwar jiki ta fara yaƙar jinin da aka ƙara.

Saboda haka, kada ku rikita rukunin jini da gwajin sikila na AA, AS da SS da ake yi kafin aure. Abubuwa biyu ne daban. Ko kuna da kati ko sakamakon DNA daga waje, ku bari a yi gwajin dacewar jini kafin a ɗaura kowace leda. Mai sikila ya adana bayanin duk ƙarin jinin da aka taɓa yi masa, ya kuma faɗa wa likita idan ya taɓa yin zazzaɓi, baƙin fitsari ko shawara bayansa. Mai ciki ta san alamarta tun awon farko. Masu lafiya kuma su riƙa ba da jini, domin jinin da ya fi dacewa da majinyacinmu an fi samun sa a cikin al'ummarmu.