Sarki Ludwig da Fadarsa ta Kan Dutse

A kudancin Jamus akwai wata ƙasa da a ke kira Bafariya. Ƙasa ce mai manyan duwatsu da tafkuna da itatuwa, babban birninta kuwa shi ne Munik. A zamanin dā tana da sarkinta na kanta. Cikin sarakunanta duka babu wanda sunansa ya yi nisa kamar Ludwig na Biyu, kuma gini ne ya jawo masa wannan suna.

An haifi Ludwig ran 25 ga Agusta, 1845. Sunan ubansa Sarki Maksimiliyan na Biyu. Uban yana da wani gidan hutu a gindin duwatsu, kusa da garin Fussen. Kango ne ya saya a 1832, ya sāke gina shi, ya sa aka zana hotunan jarumawan dā a bangayen ɗakunan. A nan Ludwig da ƙanensa Otto su kan zauna lokacin zafi. Ludwig yaro ne marar son hayaniya. Ba abin da ya fi so kamar karanta labarun jarumawan nan da kallon hotunansu. Daga gidan kuwa a kan hangi wani dutse mai tsawo, da kangayen waɗansu tsofaffin gidajen sarauta guda biyu a bisansa.

A 1864 ubansa ya rasu, aka naɗa Ludwig sarki yana da shekara 18. Dogo ne kyakkyawa, talakawa suka yi murna da shi ƙwarai. Amma bai daɗe a kan gado ba sai wahala ta zo. A 1866 yaƙi ya tashi tsakanin Ostiriya da Farusha, Bafariya ta goyi bayan Ostiriya, aka ci su. A 1871 kuma Bafariya ta shiga cikin Daular Jamus, Sarkin Farusha ya zama babba a kan sauran sarakuna. Ludwig bai rasa sarautarsa ba, amma ikonsa ya ragu da yawa. Abin ya ɓata masa rai. Sannu a hankali ya ƙaurace wa Munik, ya daina fita wurin jama'a, ya koma cikin duwatsu. Ya kan yi barci da rana, da dare ya shiga keken doki ya yi ta yawo.

Tun kafin wannan ya ƙudura zai gina fada irin ta jarumawan dā a kan dutsen nan da ya ke hange yana yaro. A 1868 aka rushe kangayen, aka baje kan dutsen, aka yi hanya. Ran 5 ga Satumba, 1869, aka aza harsashi. Wanda ya fara zana siffar fadar, Christian Jank, sana'arsa ƙawata dandalin wasan kwaikwayo ce. Sa'an nan wani gwanin tsara gini, Eduard Riedel, ya mai da zanen abin da magina za su iya bi. Sarki da kansa ya ke duba kowane zane, in bai gamshe shi ba ya sa a sāke.

Da jan bulo aka yi bangayen, aka lulluɓe su da farin dutse. Aka tā da hasumiyoyi masu tsini, wadda ta fi tsawo ta kai mita 65. Ma'aikata wajen 200 su ke aiki a wurin, da injin tururi mai ɗaga kaya zuwa sama. Wanda ya hangi fadar daga nesa sai ya yi tsammani ta shekara ɗaruruwa, amma cikinta kayan zamani ne. An ja ruwan famfo zuwa kowane bene, akwai bututun da ke kai iska mai ɗumi ɗakuna saboda sanyi, akwai ƙararrawar lantarki ta kiran barori, har da tarho. An yi wani babban zaure na mawaƙa, da wani na gadon sarauta wanda aka ƙawata da ruwan zinariya. Ko'ina kuma an sa siffar wani farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya, mai kama da dinya, wanda Sarki ya ke so tun yana yaro. Daga sunan tsuntsun nan aka samo sunan fadar, watau Neuschwanstein, amma sai bayan rasuwarsa aka raɗa mata shi.

Wannan fada ba ta ishe shi ba. Ya gina wata a Linderhof, ya kuma fara wata a kan wani tsibiri cikin tafkin Chiemsee. Da kuɗinsa na kansa ya ke ginin, da suka ƙare ya shiga cin bashi. Kafin ƙarshen 1885 bashin ya kai mak miliyan 14, mak kuwa shi ne kuɗin Jamus na lokacin. Ministocinsa suka ba shi shawara ya dakata, ya ƙi, har ya yi niyyar sallamarsu. Sai suka nemi likitoci, shugabansu Dakta Gudden, suka rubuta cewa Sarki ya sami taɓin hankali, ko da ya ke ba su duba shi ba. Ran 12 ga Yuni, 1886, aka ɗauke shi daga fadar tasa, aka kai shi wani gida a bakin tafkin Starnberg. Kashegari da yamma ya fita shan iska tare da Dakta Gudden, ba su komo ba. Da dare aka sami gawarsu su biyu a cikin ruwa. Ludwig yana da shekara 40. Har yau masu tarihi ba su daidaita a kan yadda abin ya faru ba.

Ya rasu bai gama fadar ba. Cikin ɗakuna wajen 200 da aka yi niyya, kamar 15 kaɗai aka kammala. Kwana 172 ya yi a cikinta. Gadon sarautar ma ba a ƙera shi ba, wurin da za a ajiye shi yana nan fayau.

Ludwig bai so baƙi su shiga fadarsa ba, amma kafin mako bakwai da rasuwarsa aka buɗe ta ga kowa, ana biyan kuɗin shiga. A 1918 sarauta ta ƙare a Bafariya, a 1923 fadar ta koma hannun gwamnatin ƙasar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu 'yan Nazi suka ɓoye kayan tarihin da suka kwaso daga Faransa a cikinta, sojan Amurka suka same su a 1945. A 2025 hukumar UNESCO ta sa fādojin Ludwig cikin wuraren tarihi na duniya. A waɗansu shekaru masu zuwa kallon fadar kan dutse su kan wuce miliyan ɗaya.

Ludwig mutum ne mai basira da son abu mai kyau, ya kuma bar wa ƙasarsa abin alfahari. Amma ya guje wa jama'ar da aka ba shi amanarsu, ya ƙi jin shawara, ya kashe fiye da abin da ya ke samu. Shi ya sa ya rasa sarautar, gidan da ya gina don ya zauna shi kaɗai kuwa ya zama na kowa.