Mamman Shata: Mawaƙin da Ya Ƙi Zama Na Fada Ɗaya

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa, cikin ƙasar Katsina, a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, domin a wancan zamani roƙo ake ɗaukar waƙa, kuma ba gadon gidansu ba ce. Shata ya taɓa tallan goro, amma waƙar ta rinjaye shi.

Manyan makaɗan lokacin kowa da sarkin da yake yi wa waƙa. Shi kuwa, da kalangu da 'yan amshinsa, ya wasa sarakuna da attajirai, ya wasa direbobi da sojoji, har da mashaya, abin da ya jawo masa sukar malamai. Nan take yake ƙirƙirar baiti a gaban jama'a, shi ya sa ƙidaya waƙoƙinsa ya gagara. Rediyo da kaset suka kai muryarsa tashoshin mota da shagunan Fagge da Sabon Gari, inda wanda Hausa ba harshen gidansu ba ma yakan san Bakandamiya.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu a Kano a watan Yunin 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.